Ɗan Cindo a Gaban Allo

Shekara goma sha tara ya yi yana koyar da tarihi a makarantar sakandaren da ke bakin layin dogo, kuma duk tsawon lokacin nan ba a taɓa jin ya ɗaga wa yaro bulala ba. Ɗalibai suna kiransa Malam Kafin-Nan, saboda duk amsar da ka ba shi sai ya karkata kai ya ce, "To, madalla. Kafin nan fa, me ya faru?" In ka ce an yi yaƙi, ya ce kafin nan fa. In ka ce ka makara ne saboda tayar kekenka ta yi faci, nan ma ya ce kafin nan fa, har sai ka faɗa da bakinka cewa barci ne ya kwashe ka. Dogo ne siriri, hannun rigarsa kullum fari fat da alli, yana tafiya kansa a sunkuye kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Layin dogo ya raba garin gida biyu. Akwai 'yan ciki, waɗanda suke cewa su aka tarar, akwai 'yan tsallake, waɗanda kakanninsu suka zo aikin jirgi suka zauna. Makarantar nan ce kaɗai wurin da 'ya'yan ɓangarorin biyu suke haɗuwa ƙarƙashin rufi ɗaya, amma ko a cikin aji ɗin, 'yan ciki suna layin taga, 'yan tsallake suna layin ƙofa. Ba wanda ya tsara haka. Yaro yana shigowa ajin farko ƙafarsa take kai shi inda ya kamata.

Dalili kuwa kowa ya sani, ba dai a faɗa. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce an yi kwana uku ana kashe-kashe, aka ƙona kasuwa, aka bi gidajen tsallake ɗaya bayan ɗaya. A littafin tarihin da hukuma ta raba wa makarantu, abin ya ci layi biyu kacal: an sami rashin jituwa tsakanin mazauna, jami'an tsaro suka shawo kan lamarin. Malam yakan karanta layukan nan da ƙarfi, ya rufe littafin, ya ce, "Mutum ɗari da 'yan kai ne a kwance cikin rashin jituwar nan." Shi kansa bai ga komai ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin, yana makarantar kwana a wani gari mai nisa. Da ya dawo hutu ya tarar da toka a inda kasuwa take, ya tarar da sabon agogon bango a falonsu, gilashinsa ya ɗan tsage ta gefe. Ya tambayi labarin tokar. Agogon bai tambaya ba.

Mahaifinsa masinjan gidan waya ne, shekara talatin yana raba wasiƙu a kan keke. Sunan da gari ya san shi da shi Cindo, saboda yatsa shida ne a hannunsa na hagu. Ya san kowane lungu, kowace ƙofa, har kare in ya ji ƙararrawar kekensa ba ya haushi. Da tsufa ya zo masa da shanyewar ɓarin jiki, Malam ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa, shi da akwatinsa da agogon. Jikin ya mutu rabi, bakin kuwa yana nan da kaifinsa. Yakan wuni a kujerar roba a baranda yana tsokanar jikarsa, 'yar Malam tilo, wadda tun tana goye ake kiranta Lele.

"Uwargida, yau ma ba a dafa wa maigida komai ba?"

"Ni na ce maka ba na auren mai yatsa shida. Duk abin da na ajiye sai ka ɗiba fiye da kowa."

Matar Malam ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gari, kowa Sista yake ce mata. Ita take juya tsohon, ita take yanke masa farce. Gida ne mai dariya, ba a rasa shi da baƙi.

Abin da Malam ya yi imani da shi ɗaya ne: yaron da ya san abin da ya faru, kuma ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa in an cuce shi, ba zai ɗauki dutse ba. Saboda haka bayan sarakuna da yaƙe-yaƙe yakan koya musu rubuta takardar koke. Kwanan wata a sama. Wanda ake rubuta wa. Abin da ya faru cikin layi uku, ba zagi, ba ƙari. Abin da ake nema. Sai sa hannu, kowa da cikakken sunansa, don wanda ya ɓoye sunansa bai yarda da maganarsa ba. A shekarar da Lele ta shiga ajin ƙarshe, ajin nasu ya rubuta wa hukumar gari a kan mararrabar jirgi da ba ta da shinge, inda jirgin kaya ya taɓa take wani mai tura ruwa. Layin taga da layin ƙofa duk suka sa hannu a takarda ɗaya. Aka rubuta sau uku, aka je aka zauna a zauren hukuma cikin kayan makaranta, bayan wata huɗu sai ga shinge mai fenti ja da fari, har da mai tsaro da tuta.

Malam ya yi mako guda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. A ɗakin malamai ba ya iya shan shayi bai kawo zancen shingen ba, har malamin lissafi ya ce, "Malam, ko dai a sa maka gado a wurin ne?" Cikin wannan jin daɗin ne ya yanke shawarar abin da ya daɗe yana so. Ya haɗa ɗaliban biyu-biyu, ɗan taga da ɗan ƙofa. Kowane biyu za su je wurin tsoho ɗaya a ciki, tsoho ɗaya a tsallake, su tambaye su abin da suka gani a kwanaki ukun nan, su rubuta yadda aka faɗa, ba gyara.

Sista ta ajiye cokali da ya gaya mata. "Malam, ni kullum miki nake wankewa. Ana buɗe shi, ban ce ba a buɗewa ba. Amma a ɗaki ake yi, da safar hannu, da wanda ya iya. Kai yara za ka tura."

"Yaran nan su suka sa aka yi shinge."

"Shinge ba shi da uba," in ji ta, ta ci gaba da cin abincinta.

Bai saurare ta ba. Don ma ya nuna ba ya son kai, ya haɗa Lele da yarinyar da ta fi kowa kaifin baki a layin ƙofa, wadda ake kira Lauya saboda ba a kayar da ita a musu. Ita ce ɗalibar da ya fi alfahari da ita. Ita ta tsaya gaban hukumar gari ta karanta koken shinge, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Lauya ta ce ba sai sun wahala neman tsoho a tsallake ba, ga kakarta nan mai ɗinki.

Ranar Asabar da la'asar Lele ta dawo daga can. Kakanta ya ce, "Uwargida, ina aka je aka bar ni?" Ta wuce shi kamar ba ta ji ba. Ta tsaya a tsakiyar falo tana kallon bango, sannan ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo. Lahadi ma ba ta ci abin kirki ba. Malam ya ce fargabar jarrabawa ce.

Litinin, darasi na uku, aka fara karantawa. Biyu na farko suka kawo labarin wani mai gyaran takalmi na ciki da ya ɓoye maƙwabta bakwai a rijiyar da ta ƙafe. Malam ya ji kamar ya yi tsalle. Ya rubuta a allo da manyan haruffa: AKWAI MASU KIRKI A KO'INA. Sannan ya kira Lauya da Lele. Lele ba ta tashi ba. Lauya ta fito ita kaɗai, ta buɗe littafinta, ta ce, "Maganar kakata ce, yadda ta faɗa."

Ta karanta: "Da hantsi suka zo, rana ta biyu. Mun kulle ƙofa mun tokare ta da tebur. Layinmu a gauraye yake, gidan ɗan ciki, gidan ɗan tsallake, baƙo ba zai bambance ba. To amma ba baƙo ne a gabansu ba. Wanda ke gaba bai riƙe sanda ba, bai riƙe wuƙa ba, keke kawai yake turawa. In ya zo ƙofar da yake so, sai ya tsaya ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, yadda yake yi in ya kawo wasiƙa. Maigidana ya ji, ya ce, 'Cindo ne, ai namu ne, wataƙila ya zo fitar da mu.' Da hannunsa ya janye teburin. Shi suka fara yi. Sai babban ɗana, shekararsa goma sha shida. Ni ina bayan buhunan yadi da ƙaramar 'yata, na toshe mata baki har ta cije ni. Ta ƙasan buhu na ga Cindo ya shigo bayan sun fita, ya tsallake ƙafar maigidana, ya ɗauki agogonmu na bango da ya faɗo, ya duba ko yana aiki."

Ta rufe littafin. Ba ka jin komai a ajin sai fankar sama da take kukan rashin mai. Malam yana tsaye da alli a hannu, bai san ya karya shi ba sai da gutsuren ya faɗi. Can daga ƙarshen layin ƙofa wani yaro ya ce a hankali, da irin muryar Malam ɗin, har da karkata kai:

"To, madalla. Kafin nan fa, Malam?"

Dariyar da ta tashi ba ta raha ba ce. Ta fara daga ƙofa, ta tsallaka har taga. Lele ta kifa kai a kan benci. Malam ya ɗauki tsumman goge allo, ya goge abin da ya rubuta, ya ce kowa ya yi karatun kansa, ya fita.

Bai jira an tashi ba, ya nufi gida da rana tsaka. Tsohon yana baranda yana korar ƙuda da hannunsa mai lafiya.

"Baba, yau an karanta sunanka a ajina."

"Ashe na shiga littafi. Sun rubuta shi daidai?"

"Baba, gaskiya ne?"

"Wanne daga ciki?"

Malam ya durƙusa a gabansa kamar yadda yake yi tun yana yaro, ya faɗa masa abin da aka karanta. Tsohon ya saurara har ƙarshe, yana tauna bakinsa da ya karkace.

"Da sassafe suka zo mini, sun fi goma. Suka ce ni ne mai shan ruwan 'yan tsallake, ko in nuna musu gidaje ko su fara da nawa. Uwarka tana da tsohon ciki."

Malam ya ji numfashi ya dawo masa. "To tilasta ka aka yi, Baba. Wannan ai dole a faɗa. Gobe zan..."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta gefen baki. "Ranar farko ke nan. Rana ta biyu ba wanda ya zo kirana. Ni na hura tayata na fita."

"Don me?"

"Shekara goma sha biyar ina kai musu takarda cikin rana cikin ruwa. 'Kai masinja, ajiye nan.' 'Kai masinja, ka makara.' Ran nan kuwa mutum ɗari suna bayana, inda na tsaya nan ake tsayawa. Kai ba ka san wannan ba? Ba shi kake ji ba in ka tsaya gaban allo?"

"Agogon fa?"

"A ƙasa na same shi. Da ka fi so ya ƙone? Da shi kake tashi kullum ka je ka koya wa 'ya'yan mutane kirki, ko sau ɗaya ba ka makara ba."

"Inna ta sani?"

"Ita take goge shi," in ji tsohon. "Tashi ka kawo mini ruwa, ka tsare ni da ido kamar alƙali."

Ya tashi ya kawo masa ruwan. Har ya riƙe masa kofin.

Kafin mako ya ƙare gari ya ɗauka. Ba littafin Lauya kaɗai ba ne. Littattafai ashirin da ɗaya ɗaliban suka cika, kuma tsofaffin tsallake, da suka ga an zo da biro ana tambayarsu bayan shekara talatin, ba su rage suna ko ɗaya ba. Sunan mai kemis na bakin tasha, wanda shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, ya fito a littafi huɗu. Ranar Alhamis shugaban makaranta ya aika a kira Malam. Ya tarar da mai kemis ɗin zaune, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Malam," in ji mai kemis, "mun ba ka yara ka koya musu abin da zai fito a jarrabawa, ka mai da su 'yan sandan ciki a gidajen iyayensu. Ɗana na cikina ya tsaya a shago, gaban masu sayen magani, yana tambayata wa ke da filin nan kafin ni. Kai da ya kamata ka fi kowa yin shiru."

Shugaban makaranta ya turo masa takarda. "Ba iyaye ba ne ma suka rubuto, Malam. Ɗalibanka ne."

Kwanan wata a sama. Wanda ake rubuta wa. Abin da ya faru cikin layi uku, ba zagi, ba ƙari: malamin tarihi ya sa ɗalibai aikin da ya jawo tashin hankali a gidaje, kuma yana da alaƙa ta jini da abin da yake koyarwa, saboda haka ba zai iya yin adalci a kai ba. Abin da ake nema: a canza shi. Sai sunaye, layin taga da layin ƙofa a gauraye, arba'in da biyu, ajin gaba ɗaya.

"Wallahi ko waƙafi ba su ɓata ba," in ji shugaban, kuma da gaske yake yabon. "Ka iya koyarwa, Malam, wannan ba mai ƙwace maka."

Malam ya bi sunayen da yatsa. Na arba'in da ɗaya rubutun da ya sani ne tun yana kama hannun mai shi yana koya mata riƙe fensir.

A barandar ofis ya ci karo da Lauya ta kawo rajistar aji. Ta rusuna ta gaishe shi yadda ta saba.

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce, Malam. Kai ka ce in abu ya dame mu kada mu yi jifa, mu rubuta."

"Ni me na yi miki?"

"Shekara uku kana ce mana mu yafe, mu zauna benci ɗaya. Muna ji muna tafa maka. Kakata ta ce dama ku kuka fi kowa son a yafe." Ta gyara riƙon rajistar. "Ka yi haƙuri, Malam, ana jirana."

A gida bai yi wa Lele faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mata. Ta amsa tana kallon ƙasa. "Abba, da ban sa ba, ba mai ƙara zama kusa da ni, ko ta taga ko ta ƙofa." Ta ɗago, idanunta jawur. "Kuma kai ka tura ni gidan. Ta san ko ni wace ce tun daga ƙofa. Ta ba ni ruwa a kofin silba, ta jira sai da na shanye, sannan ta ce kakana ma a kofin nan yake sha."

Littattafan ashirin da ɗaya shugaban makaranta ya tattara su ya ba mai gadi. Malam yana kwashe kayansa daga ɗakin malamai ya hango hayaƙi bayan banɗakin ɗalibai. Labarin mai gyaran takalmi da rijiyarsa ya tafi tare da sauran.

Ranar Asabar ya sauke agogon daga bango, ya naɗe shi da tawul, ya tsallaka dogo da ƙafa. Tsohuwar, kakar Lauya, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana taka keken ɗinki, tabarau a kan hanci, allurai uku a bakin mayafinta. Ya yi sallama ya durƙusa. Ta amsa ba ta daina takawa ba. Sai da ta kai ƙarshen hannun rigar da take yi, ta ciji zare, sannan ta dube shi.

"Iya, na zo neman gafara."

"Ta wa?"

"Ta mahaifina."

"Shi ya aiko ka?"

Ya ce, "A'a."

"To kai me ka yi mini, ɗan nan? Ka zo ne ka sauke kayanka a ƙofata ka koma ka ji sanyi." Ta juya rigar ta ɗauki ɗaya hannun. "Tun ranar da aka kawo ka makarantar can mun san ɗan wa ne kai. Duk tsallake an sani. Shekara goma sha tara muna kallonka kana wucewa da jakarka, kana yi mana murmushi, kana ce wa jikokinmu su riƙa yin tambaya. Kai da kake tambayar kowa, a gidanku ba ka taɓa tambaya ba?"

Ya warware tawul ɗin ya tura mata agogon. Ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe tana kallon tsagewar gilashin.

"Har yanzu yana aiki?"

"Yana yi, Iya."

"Mayar masa. Ya fi ni buƙatar sanin lokaci." Ta ɗora ƙafa a kan keken, ƙarar ɗinki ta rufe duk abin da zai ƙara faɗa.

Ya dawo da shi ya tura ƙarƙashin gado. Tsohon ya ƙi cin abinci kwana biyu, wai ba ya jin ƙarar agogonsa, gidan ya zama kamar kabari. A rana ta uku Sista ta jawo agogon ta mayar kan ƙusarsa, ta ce ita ba za ta tsaya mutum ya mutu da yunwa a hannunta ba, ko wane ne shi.

An mai da Malam sito a ofishin ilimi na gunduma, wani ɗaki mai taga ɗaya da warin kwali, inda aikinsa shi ne buga hatimi a kan littattafai kafin a raba wa makarantu. Ajinsa aka ba malamin wasanni, wanda yakan karanta littafin hukuma daga farko zuwa ƙarshe yana duba agogon hannunsa. Lele ta gama jarrabawa ta tafi wurin ƙanwar uwarta a wani gari, ta yi karatu a can, ta yi aure a can. Takan kira Sista ranar Lahadi. Wani lokaci Malam yakan jiyo ta cikin wayar tana cewa a gaida Abba.

Shekara huɗu tsohon ya ƙara a duniya, kuma da jikin ya ƙarasa mutuwa Malam ne yake ɗaga shi, yake yi masa wanka, yake share masa baki. Kullum yana jira ko zai ce wani abu. Abin da yake cewa dai ruwan ya yi zafi, ko matashin ya yi tauri. Ya rasu wata Talata da hantsi yana cikin ƙorafin ƙuda. Masu ta'aziyya suka cika layin, mai kemis a gaba, ya riƙe hannun Malam da hannu biyu yana cewa, "Mutumin kirki, ya yi wa garin nan hidimar da ba kowa ya sani ba." Malam ya ce amin, ya gode.

Bayan shekara goma sha ɗaya da barinsa aji, sai ga katin gayyata har sito. Lauya ta zama lauyar gaske, ta kafa ƙungiyar zaman lafiya, za a yi babban taro a zauren gari, ana so ya yi jawabi. Malam ya karanta katin sau uku. Ya sa aka yi masa guga, ya rubuta shafi shida a kan yadda ake koya wa yara tarihi ba tare da an koya musu ƙiyayya ba, har da kurakuran da shi ya yi. Sista ta ce ba za ta je ba, ƙafarta ke ciwo.

Aka zaunar da shi a babban tebur kusa da wasu baƙi masu katin wuya. Lauya ta yi magana mai daɗi ƙwarai. Ta bayyana sabon tsarin ƙungiyarsu, wanda makarantu talatin suka riga suka karɓa: a haɗa ɗalibai biyu-biyu daga ɓangarori, su je su saurari tsofaffi. Aka tafa. Malam ya gyara zama yana jira. Sai ta juyo ta nuna shi da hannu.

"Jama'a, wannan bawan Allah da kuke gani ɗan mutumin da ya kaɗa ƙararrawa a ƙofar kakata ne. Yau ga mu a tebur ɗaya."

Zauren ya miƙe tsaye ana tafi, wata baƙuwa har tana share hawaye. Aka ba shi abin magana aka ce minti biyu. Yana tsakiyar shafin farko mai gabatarwa ya matso yana murmushi, ya ce a tafa wa Baba, ya zare abin daga hannunsa. Sai hoto. Mai hoton ya sa aka maimaita miƙa kyautar sau uku, yana cewa, "Baba, ɗan ƙara sunkuyar da kai. Yawwa, haka." Kyautar wani allon katako ne mai sheƙi, da rubutun ruwan zinariya.

A bakin ƙofa Lauya ta biyo shi, ta rusuna kamar da. "Malam, ka yi haƙuri, lokaci ne ya ƙure. Na san a wurin wa na koyi abin nan, ban manta ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta dube shi ido cikin ido, ba kunya ba mugunta. "Ba shi suka zo ji ba, Malam." Aka kira ta daga ciki, ta ce a gaida Sista, ta koma.

Ya iso gida ana shirin cin abincin rana. Sista ta karɓi allon ta nisanta shi daga idonta tana karantawa. An rubuta: Ga Ɗan Cindo, Don Ƙarfin Hali.

"Ko sunanka ba su tambaya ba?"

"Sun san shi," in ji Malam. Ya cire hula, ya zaro shafuka shidan daga aljihu ya ajiye a kan kujera.

Ta juya allon gaba da baya, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ce katakon dai mai kyau ne. Ta shiga kicin ta fito da tukunya tana tururi, ta duba tebur ba ta ga abin ɗorawa ba, sai ta kifa allon ta ɗora a kai. Malam ya wanke hannu ya matso. Ta zuba masa, ya ce ya yi yawa, ta rage.